Hular da Inna ta Rage

Ni 'yar fari ce a wurin Inna, kuma a gidanmu wannan ba ƙaramar magana ba ce. Kakanninmu daga arewa suka gangaro da bisashensu, suka zauna a wani ƙauye kusa da Gangara, suka koyi noman hatsi da gujiya. Raƙuma sun ƙare tuntuni, amma kunyar ɗan fari tana nan daram. Tun da na yi wayo ban taɓa jin sunana a bakin Inna ba. In tana son ruwa sai ta ce wa ƙanwata, "Ce wa waccan ta kawo ruwa," alhali ga ni tsaye gabanta, tulun ma yana bisa kaina. Ba ta zama tabarma ɗaya da ni. In na kwanta ciwo, Goggo, yayar babana, ita ke jinyata. Inna sai dai ta dama kunu ta aiko, sannan ta biyo ta bakin ƙofa tana yi wa kaji faɗa don ta samu ta leƙo. Ban taɓa ɗaukar abin ƙiyayya ba. Haka kowace uwa ke yi a garinmu, kuma na san ran da na haihu ni ma haka zan yi.

A Cadawa na yi aure. Maigidana mai facin taya ne a bakin titi, mutum mai sanyin hali, amma akwai shi da tara tarkace. Duk tayar da ta mutu sai ya mirgino ta gida ya jingine a bayan ɗaki, wai masu yin guga da masu takalmi za su saya. Da damina ta sauka sai ruwa ya kwanta a cikinsu. Na yi mita har na gaji, sai dai ni tsoron kunama da maciji nake yi, ko sau ɗaya sauro bai zo mini a rai ba. Sauro ai na dare ne a sanina, kuma ni ba na wasa da sange, gidan sauro, tun magariba nake sake shi in cusa gefensa ƙarƙashin katifa.

A cikin wannan daminar na samu ciki. Yana ƙarami, ko surukata ba ta gane ba tukuna, sai masassara ta kama ni. Ba mai tsanani ba ce. Jikina ya yi ɗumi, wasu ƙananan ƙuraje suka feso mini a ƙirji da hannuwa suna ƙaiƙayi, idona ya yi jajir, gaɓoɓin yatsuna suka riƙe har taɓarya ta gagare ni. Na je likita, wato asibiti, aka soki yatsana aka duba, aka ce ba zazzaɓin da muka saba ba ne, aka ba ni maganin ciwon jiki. Kafin kasuwa ta zagayo na warke sarai, na manta da zancen.

Sai da ciki ya fito, ina zuwa awo, ungozomar likita ta ɗora mini zaren awonta a ciki, ta cire, ta sake ɗorawa, ta ce, "Ke, cikin nan naki bai kai yadda nake so ba. Ki ce wa mijinki ya kai ki Maraɗi a ɗauki hoton ciki." Muka je. Likitan ya shafa mini wani mai mai sanyi, yana yawo da abin hannunsa yana hira da maigida. Can sai hirar ta tsaya. Na ga yana komawa wuri ɗaya, ya danna, ya koma, ya danna. Ya tambaye ni ko na tabbata da lissafin watannina. Na ce na tabbata. Ya ce, "Tun da kika samu cikin nan, kin yi masassara mai ƙuraje, ido ya yi ja?"

Na ce e. Ni da ban faɗa masa ba, ina ya sani?

Bai ɓoye mana ba, kuma bai tsorata mu da gangan ba. Ya ce kan yaron ya yi baya, bai bi sauran jikin a girma ba. Ya ce mai yiwuwa kuskuren lissafi ne, mai yiwuwa haka danginmu suke, amma akwai wata cuta da sauro ke ɗauka, ana ce mata Zika, wadda ba ta cika wahalar da babba ba, sai dai in ta samu mai ƙaramin ciki takan taɓa ƙwaƙwalwar abin da ke cikin, kai ya kasa girma. Ya ce yanzu an makara, ba shi da gwajin da zai tabbatar ko ita ce. Na ce, "Amma likita, ni fa a sange nake kwana." Ya ce wannan sauron da rana yake cizo, mai zane-zane a ƙafa, kuma a ruwan da ya kwanta cikin gida yake haihuwa, a randar da ba a rufe ba, a gwangwani, a tsohuwar taya. Da ya ce taya, maigida ya sunkuyar da kai, bai sake ɗagowa ba. Abu ɗaya likitan ya nanata: in haihu a likita, a auna kan yaron da zarar ya faɗo, kar a jira.

Muka shiga mota muka komo. Muna isa gida maigida ko riga bai cire ba ya fara mirgina tayoyin waje, yana kifar da ruwan, ga 'yan tsutsotsi suna motsi a ƙasa. Raina ya ɓaci. Na tsaya bakin ƙofa na ce, "Sai yanzu? Sannu da aiki, Alhaji mai dukiya!" Ya ci gaba da mirgina tayoyinsa. Ya gama, ya zauna bisa turmi ya rufe fuska da hannuwansa, sai kuma na ji tausayinsa, domin shi ma bai sani ba.

Daga ranar hankalina bai sake kwanciya ba. Kuma ba wanda zan faɗa wa, domin mai cikin fari ba ta zancen cikinta, ko an tambaye ta sunkuyar da kai take yi. In na je kasuwa ba kaya nake kallo ba, kawunan 'ya'yan mutane nake bi da ido a bayan uwayensu. Wannan babba ne, wannan daidai, wancan fa? Har wata mata ta taɓa juyowa ta harare ni, ta ja mayafi ta rufe ɗanta, ta ɗauka mayya ce. In na kwanta da rana sai in dinga lallaɓa cikin ina neman inda kan yake, in ji wani abu mai tauri, in ce ai ga shi nan da girmansa, can kuma in ce anya ba ɗuwawu ba ne? Mun koma Maraɗi karo na biyu, likitan bai canza magana ba.

Maƙwabciyata ta koya mini saƙa da kwarashi, na sayi ulu na zauna saƙa huluna. Ta ba ni wani ƙaramin ƙoƙo ta ce a kansa take gwada na jarirai, duk hular da ta zauna masa za ta zauna wa sabon haihuwa. Na saƙa ruwan ɗorawa, da shuɗiya, da fara mai baki ja, duk daidai ƙoƙon. Ko ido ɗaya na saƙar ban rage ba. Taurin kai ne, na sani. Gani nake in na saƙa ƙarama kamar na yarda ke nan.

Da ciki ya tsufa Goggo ta zo ɗaukata goyon ciki, domin haihuwar fari a gidan iyaye ake yinta. Maigida ya so in zauna kusa da Maraɗi, amma ina zai iya buɗe baki gaban surukai a kan cikin fari? Abin da ya iya kawai, ya rako mu tasha, yana kallon ƙasa ya ce, "Goggo, likita ya ce a haihu a likita." Goggo ta ce, "Duk haka suke cewa, ɗan nan. Kai a wace likitar aka haife ka?" Mota ta tashi.

A gida Inna ta karɓe ni irin karɓarta. Ba ta dube ni ba, amma na tarar an shafe ɗakin, an ɗaura sabon sange, kuma kullum da safe ga ƙwaryar nono a bakin ƙofa ba a san wanda ya ajiye ba. Wata rana na same ta ita kaɗai tana ɓare gujiya a inuwa. Na zauna nesa kaɗan, na ja ƙwarya ina taya ta. Na ce, "Inna, likitan Maraɗi ya ce..." Ban ƙarasa ba ta miƙe, ta karkaɗe zane, ta ce wa iska, "Awakin nan ba a ba su ruwa ba," ta tafi. Wallahi na ji kamar in rotsa ƙwaryar da ƙasa. Na koma wurin Goggo na faɗa mata komai, da masassarar, da sauron, da hoton. Ta ce, "A'uzubillahi! Tofar da miyau. Ba a yi wa ciki mugun baki. Inji ne zai ga abin da Allah Ya rufe?" Na tofar, don ta tsare ni da ido. Amma ta yi mini alkawarin in lokaci ya yi za a kai ni likitar Gangara.

Ranar kasuwar Gangara naƙuda ta zo. Tun da hantsi nake jin bayana yana tsinkewa, amma mu an hore mu mai haihuwar fari ba ta nuna ciwo, ba ta kiran kowa sai abu ya kai. Na ce bari in ƙara daurewa kaɗan, kar in tada mutane a banza su yi mini dariya. Ina daurewa maza suka ɗaura wa jaki amalanke suka tafi kasuwa da ita. Lokacin da Goggo ta shigo ta gan ni durƙushe ina riƙe da ƙafar gado, zancen likita ya riga ya wuce. Wajen azahar ya faɗo. Kukansa siriri ne, mai kaifi, ba irin wanda na saba ji ba. Kuma Goggo, wadda ta karɓi haihuwar rabin garin nan, ta yi shiru. Ba shiru mai tsawo ba, amma na ji shi. Sannan ta rangaɗa guɗa ta ce namiji ne.

Na juya fuskata bango, yadda ake yi. Uwar fari ba ta kallon ɗanta, ba ta ɗaukarsa gaban mutane, ba ta tambayar yadda yake. Amma in faɗi gaskiya ba wanda ya murɗa mini wuya. Duk watannin nan ina ƙishin ganin kan nan, ga shi yau a bayana, taku ɗaya, sai na ji ba zan iya ba. Kunyar ta zame mini wurin ɓuya.

Kwanakin da suka biyo na yi su ne kamar mai sauraron ƙarar mota daga nesa. Safe da yamma Goggo ta yi mini wankan jego da tafasasshen ruwa, a ba ni kunun kanwa, mata su cika ɗaki da barka. In lokacin shan nono ya yi, Goggo ce ke kawo shi naɗe cikin zane, da hula a kai har gira, ta ɗora mini shi tana riƙe, ni kuma in kau da kai. In na saci kallo da wutsiyar ido sai wata ta ce, "Ahaf! Mun kama ta, tana leƙe!" ɗaki ya ɗauki shewa, in mai da fuskata bango. Abin da nake gani bai wuce hanci da baki ba. Na yi ƙoƙarin auna kan da damtsena, amma ta cikin zane da ulu me mutum zai ji? Yana shan nono da ƙyar, ya kama ya saki, ya sanƙare ƙafafu, ya yi wannan kukan. Da ya gama Goggo ta ɗauke shi.

Abubuwa ƙanana suka fara damuna. A garinmu in an zo barka ana miƙa wa kowa jariri ya ɗauka, amma wannan Goggo ba ta miƙa shi, sai ta ce barci yake, ko ta ce akwai sauran sanyi. In ta tafi yi masa wanka a bayan ɗaki takan daɗe, ina jin tana tsoma tsumma a ruwan zafi tana gasa masa kai, ta sake tsomawa, ta sake, fiye da yadda ake yi wa kowane yaro. Sannan ga Inna. Jika namiji ai mijin kaka ne, da shi ake wasa, kuma mu ba ma yabon jariri, zaginsa muke yi don gudun mugun baki: mummuna, mai ƙaton ciki, mai ƙaton kai. Na ji Inna ta yi wa jikokin maƙwabta wannan zagin har ta gaji. Nata kuwa tana wuni da shi a cinya a bakin ƙofa, shiru. Sau ɗaya ta ce masa mai dogayen yatsu. Na kasa kunne ina jiran wata ta ce mai ƙaton kai, ko da wasa, ko da kuskure. Ba wadda ta ce.

Maigida ya kira ni a waya. Ba a amsa wayar miji gaban uwa, sai na ɗauka na shiga makewayi. Ko gaisuwa ba mu gama ba ya ce, "Kin gani?"

Na ce, "Ban gani ba."

"Kamar yaya ba ki gani ba? Ba a ɗaki ɗaya kuke ba?"

Na ce, "Kai in ka zo ranar suna ɗaukarsa za ka yi gaban babana? Ba gidan abokinka za ka ɓuya ba?" Ya san haka ne. Can ya ce a hankali, "An auna?" Na ce ba a auna ba, Goggo ta ce sai an yi arba'in za a fita da shi. Na ji numfashinsa a wayar, na kashe kafin in yi kuka ya ji.

Ana gobe suna, da la'asar, na fito daga wanka ina tafe a hankali, sai na ga hulunan an wanke an shanya bisa darni. Na kai hannu na ɗauki ruwan ɗorawar, don kawai in taɓa abin da ya taɓa kansa. Sai yatsana ya ji wani tudu a bayanta. Na juya cikinta. An ninke saƙar an kama ta da baƙin zare, ninki mai faɗi, ya kai yatsu biyu. Na ɗauki shuɗiyar, haka. Farar ma haka. Kuma na san ɗinkin. Manyan taku ne a karkace, irin wanda Inna ke yi wa bakin buhu da yagaggen zane, da shi ta ɗinke mini riguna tun ina zuwa lakol, makarantar boko.

Na zauna nan gindin darni da hular a hannu. Hular da na gwada a ƙoƙo, wadda aka ce za ta zauna wa kowane sabon haihuwa, sai da aka rage ta kafin ta zauna wa nawa. Inna tana tsakar gida tana daka da mata don abincin gobe. Na ɗaga kai, ashe tana kallona. Taɓaryarta ta tsaya a sama kaɗan, sannan ta sauka, ta ci gaba da dakanta. Ashe ran da ta tashi ta bar ni da gujiya ta ji abin da zan faɗa tun kafin in faɗa. Ta sani, Goggo ta sani, ni ma yanzu na sani, kuma ba mai iya cewa komai.

Da yamma ina kwance na ji Goggo a bayan ɗaki tana gaya wa Inna shirinta ƙasa-ƙasa. Ranar suna wanzami ke aske gashin jariri, a tsakar gida, gaban mata. Goggo ta ce ta riga ta yi magana da shi, a bayan rumbu za a yi askin, daga ita sai shi, a mai da hula kafin kowa ya gani. Ta ce kafin arba'in gasawar da ake yi da ruwan zafi za ta buɗe kan, ta sha ganin masu tsinin kai sun gyaru. Inna ba ta ce e ba, ba ta ce a'a ba. Na san don ni suke yi, don kar a yi da ni a bakin rijiya. Amma raina ya dinga tafasa. Sai yaushe? In an yi arba'in a ƙara rage hular? In ya fara rarrafe a sa masa rawani? Likita ya ce kar a jira, ga shi muna jira, kuma duk garin nan ni kaɗai ce aka hana kallon abin da na haifa.

Gari ya waye, maza suka taru a ƙofar gida, aka yi addu'a, aka raɗa suna, aka yanka rago. Tsakar gida ta cika da mata, ana raba goro, ana shewa. Ni ina ɗaki a zaune bakin gado, an lulluɓe ni, yadda uwar fari ke yi. Ta ƙofa na hangi wanzami ya shigo da zabirarsa ya bi ta gefen darni. Goggo ta ɗauki yaron daga kan gado ta rufe shi da mayafinta ta fita.

Ban san lokacin da na miƙe ba. Na tsinci kaina a tsakar gida, lulluɓin ya faɗi, na sha gaban Goggo na ce, "Goggo, ba ni shi."

Ta zaro ido. "Ke! Kin haukace? Koma ɗaki!"

Na ce, "Ba ni ɗana."

Ɗana na ce, da bakina, gaban matan garin. Wata ta ce, "La'ilaha illallahu! 'Yar nan ta sayar da kunya!" Wata tsohuwa ta fashe da dariya tana tafa hannu, ta ce zamani ya zo. Goggo ta ce, "Kin tozarta mu," amma hannunta ya saki, domin ba za ta yi kokawa da jariri ba. Na zauna a tabarmar da ke tsakiyar fili, na ɗora shi a cinyata, na cire hular da kaina.

Dariyar tsohuwar ta yanke.

Goshinsa ya kwanta baya, ba shi da tudu. Daga gira zuwa sama abin kaɗan ne, tafin hannuna ɗaya ya rufe shi har da saura. Fatar ƙeyarsa ta yi ninki-ninki kamar an yanka ta don kan da ya fi wannan. Kunnuwansa suka yi kamar sun yi masa yawa. Na daɗe ina kallo. Ban san me na zata zan gani ba duk watannin nan, amma yaro ne. Ga leɓen ubansa sak, ga gashi baƙi mai laushi, ga ido ya buɗe saboda hasken rana yana yamutsa fuska. Na ji tsoro ƙwarai, tsoron da ban taɓa ji ba, kuma a lokaci guda na ji ba wanda zai sake ɗauke mini shi ya kai bayan rumbu.

Na ce wa wanzami, "Baba, a nan za a yi, a cinyata." Ya dubi Goggo, Goggo ta kau da kai. Ya tsuguna, ya jiƙa gashin da ruwa, ya fito da aska. Yaron ya sanƙare ya tsala kukan nan nasa, ni kuma hannuna ya kama rawa, har kan yana motsi. Wanzami ya janye askar ya ce, "Ɗiyata, in hannunki na rawa haka ba zan sa aska ba." Na yi ƙoƙari in tsayar, abin ya ƙi. Hawaye suka rufe mini ido. A tsakar gida mata sun fi ƙarfin ƙirge amma ba wadda ta motsa.

Sai na ji an zauna kusa da ni, a tabarmar, har kafaɗa na gogar kafaɗa. Warin hayaƙi da man shanu, na san Inna ce tun kafin in duba. Ta zura hannunta ƙarƙashin nawa ta tallafe, hannu mai kaushi, ba ya rawa. Sannan ta kira sunana. Sunana na yanka, cikakke, da muryar da kowa ya ji. Ta ce, "Riƙe shi da kyau. Kar ki kau da kai, dube shi." Na dube shi. Wanzami ya yi bismillah ya sa aska, gashin yana zuba a zanena da nata. Da aka gama Inna ta ɗaga kai ta ce wa Goggo, "Yaya, gobe da sassafe a ɗaura amalanke. Likita za a kai shi." Goggo ta buɗe baki za ta yi zancen arba'in, ta dubi fuskar Inna, ta fasa.

Daga Gangara aka tura mu Maraɗi, maigida ya same mu a hanya. Aka auna, aka sake aunawa, aka faɗa mana abin da muka riga muka gani. Har yau ba wanda ya iya tabbatar mana ko cutar sauron ce ko wani abu daban. An duba idonsa da kunnensa, an ba shi maganin sanƙarewar, an koya mini yadda zan riƙa miƙe masa hannu da ƙafa, aka ce in yawaita yi masa magana ina kallon idonsa, in riƙa kiran sunansa. Hular ruwan ɗorawar nan, da ɗinkin Inna a bayanta, ta daɗe tana shigarsa, har bayan sa'anninsa sun fara zama. Ban taɓa warware zaren ba.

Yanzu sa'anninsa suna gudu a titi, shi sai an tallafe shi yake zama. Duk ran da jikinsa ya yi ɗumi gabana faɗuwa yake, kuma in damina ta sauka ina bin gidan ina kifar da duk abin da ya tara ruwa, har murfin kwalba, maƙwabta na ce mini jandarmar sauro. Amma in na kira sunansa yana juyowa, a hankali, ya nemo ni da ido ya buɗe baki. Don haka ina kira, daga safe har yamma, da ƙarfi, har masu wucewa a waje suna ji. Tsofaffin unguwa sun gaji da cewa ba ni da kunya.

Inna kuwa ba ta sake ba. Sau ɗayan nan ne. In ta kira waya ranar kasuwa, maigida take kira, ta tambayi jikin mijinta, jikan nan nata, ko ya ci, ko ya yi barci, ko sanƙarewar ta dawo. In ta gama sai ta ce, "Ba ni waccan." In karɓa, sai ta ce in kai wayar kunnensa, ta kira sunansa.